Limfomar da Ke Tsirowa a Cikin Tsoka: Yadda Ake Gane Ta da Abin da Ke Sa a Kuskure Ta

Idan dattijo mai shekara sittin da wani abu ya zo asibiti da kumburi a cinya, wanda ya yi wata biyu yana ƙaruwa ba tare da ya fashe ko ya saɓe ba, abubuwan da ke fara zuwa zuciyar likita sanannu ne. Zai yi tunanin ƙurji mai mugunya a can cikin tsoka, ko jinin da ya kwanta bayan buguwa, ko gudan jinin da ya toshe babbar jijiya, ko kuma, idan kumburin ya yi tauri ya yi zurfi, sakoma, wato ciwon dajin da asalinsa daga tsoka ko kitse ko tantani yake. Da wuya limfoma ta shigo cikin wannan lissafi, kuma ba laifin likitan ba ne kacokan, domin an koya masa neman ta a wuya da hammata da matsematsi, inda kaluluwa take fitowa. Sai dai wannan rashin tunawa da ita shi ne tushen kusan duk kuskuren da ake yi wajen gano ta, kuma kuskure ne mai tsada, saboda maganin sakoma wuƙa ce, ana yanke ƙarin tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, wani lokaci ma har da ƙafar baki ɗaya, alhali limfoma da ruwan magani ake kashe ta, aikin wuƙa a kanta bai wuce ɗebo ɗan naman da za a gwada ba.

Limfoma ciwon daji ne na limfosait, waɗanda wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki, kuma sun kasu gida biyu manya, ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Likitan Landan Thomas Hodgkin ne ya fara bayyana nau'in da ake kira da sunansa a 1832, amma mafi yawan limfomar da ake gani a duniya, kusan tara cikin goma, ba ta Hodgkin ba ce. Tun da limfosait ba a wuri ɗaya suke zaune ba, suna yawo ne a cikin jini suna shiga kowace gaɓa, ciwon yana iya farawa a wajen kaluluwa, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na limfomar da ba ta Hodgkin ba haka take farawa: a tumbi da hanji, a fata, a maƙogwaro da kogon hanci, a ƙwaƙwalwa, a ƙashi, a maraina. Daga cikin waɗanda suka fi ƙaranci akwai farawa a cikin naman jiki mai taushi, wato tsoka da kitsen da ke ƙarƙashin fata da tantanin da ke lulluɓe su. A 1987 Travis da abokan aikinsa na Mayo Clinic a Amurka sun duba limfoma sama da 7,000 da aka gani a asibitin cikin shekara goma, suka sami takwas kacal da suka fara a irin wannan nama na hannu ko ƙafa. Bayan shekara biyu, Lanham da Weiss da Enzinger sun tattara 75 daga cibiyar binciken nama ta sojojin Amurka, wadda a lokacin ake aika wa nama mai wuyar ganewa daga ko'ina. Likitan tiyata yana iya yin ritaya bai ga ko ɗaya ba, ko kuma ya gani bai san ya gani ba.

Ya kamata a bambance hanyoyi uku da limfoma ke bi ta isa tsoka, domin ba duka ake kira na asali ba. Tana iya tsallakowa daga kaluluwa ko ƙashin da ke maƙwabtaka da tsokar, tana iya zuwa ta jini bayan ta riga ta bazu a jiki, tana kuma iya farawa a tsokar kanta. Ta ukun ce kawai ta asali, kuma ba a yanke hukuncin haka sai an bincike sauran jiki an ga babu wani wurin da ya fi wannan girma ko ya riga shi. Akwai ma wani tarko a nan: ana samun ƙananan kaluluwa a wuraren da ba a saba tsammani ba, kamar gefen gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa, kuma idan ciwon ya cinye irin wannan kaluluwa ƙurmus, ya fasa ɓawonta ya fita, sai ta yi kama da ƙarin da ya tsiro a nama kai tsaye. Shi ya sa likitan binciken nama yake laluben ragowar ɓawon kaluluwa a gefen abin da aka kawo masa. A ganina wannan muhawara ta fi amfani ga masu rubuta bincike fiye da mara lafiya, wanda abin da zai yanke masa magani shi ne nau'in limfomar da kuma iyakar inda ta kai.

Alamomin da mara lafiya ke zuwa da su ba su da wani tambari na musamman. Cinya ce wurin da ya fi yawa, sai gangar jiki, da damtse, da ɗuwawu, da sha-raɓa, kuma galibi manya ne da suka haura hamsin. Kumburin yakan yi saurin girma, cikin makonni ko 'yan watanni, da ciwo ko babu, wani lokaci gaɓar gaba ɗaya ce ke kumbura saboda an danne jijiyoyin da ke mayar da jini. Alamomi ukun da aka san limfoma da su, wato zazzaɓin da ya haura digiri 38 ba tare da dalili ba, da gumin dare mai jiƙa tufafi sharkaf, da ramar da ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki a wata shida, sau da yawa babu su a nan. Ƙidayar jini takan fito daidai. Sinadarin LDH da ake aunawa a jini yakan hau, amma yana hawa a cututtuka da dama, don haka ishara ce kawai. Ƙa'idar da likitocin ƙari suka daɗe suna bi ita ce mafi amfani a wannan mataki: duk ƙullutun da ya wuce santimita 5, ko yake ƙasa da tantanin tsoka, ko yake ƙaruwa, ko yake ciwo, ko ya dawo bayan an cire shi, a ɗauke shi a matsayin ciwon daji har sai an tabbatar ba shi ba ne.

A ƙasashenmu masu zafi akwai wani abin da ke ƙara dagula lissafin, kuma yana da hujja. Ƙurjin cikin tsoka, wanda ƙwayar cuta ta sitafilokokas ke haddasawa, cuta ce da aka saba gani a Arewacin Nijeriya da Nijar, wuraren da ya fi kamawa kuwa su ne cinya da ɗuwawu da tsokar da ke gangarowa daga ƙugu zuwa cinya, wato daidai inda limfomar take so. A farkonsa tsokar takan yi tauri, kuma ko an soka allura mugunya ba ta fitowa. Tarin fuka shi ma yana tara mugunya marar zafi a tsokar ƙugu idan ya kama ƙashin baya. Don haka likitan da ya fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta bai yi wauta ba, domin a kowace limfoma ɗaya zai ga ƙuraje masu ɗimbin yawa. Inda matsalar take shi ne a ci gaba da sauya maganin, daga wannan allura zuwa waccan, mako huɗu, mako shida, ko a ɗora mutum a kan maganin tarin fuka na wata shida ba tare da wani gwaji ya nuna cutar ba. Idan mako biyu suka wuce kumburin bai nuna ba kuma bai ragu ba, lokacin ɗibar nama ya yi. Kafin ma a zo asibiti, da yawa sun riga sun biya ta wurin wanzami an yi tsaga ko ƙaho ko sakiya, sai ga miki da ƙwayoyin cuta a saman ƙarin, har a sami mugunya ta gaske da za ta ƙara tabbatar wa kowa cewa ƙurji ne.

Hoto yana taimakawa ƙwarai idan mai karanta shi ya san abin da yake nema. A sikanin na sauti, wanda ya fi samuwa kuma ya fi araha, limfoma takan fito baƙi ƙirin saboda ƙwayoyinta iri ɗaya ne a cunkushe babu abin da ke mayar da sautin, har ta yi kama da ruwa. Nan ne ake cewa an ga ƙurji, a soka allura a ja, sirinjin ya dawo babu komai sai ɗigon jini. Da an kunna dofla, wato ɓangaren na'urar da ke nuna gudanar jini, da an ga jijiyoyi suna ratsa tsakiyar abin, mugunya kuwa ba ta da jijiya.

Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu, shi ne ya fi nuna bambanci tsakanin sakoma da limfoma, kuma bambancin ya samo asali ne daga yadda ciwukan biyu ke girma. Sakoma tana girma ne a dunƙule, tana ture abin da ke gefenta, ta danne jijiyoyin jini zuwa gefe, kuma takan daɗe a cikin ɓangaren tsokar da ta fara ba ta keta tantanin da ya raba shi da na kusa ba. Tsakiyarta kuma takan ruɓe ko ta yi jini, sai hoton ya fito dabbare-dabbare. Limfoma kuwa ratsawa take yi, tana bin tsakanin zaren tsoka kamar yadda man gyaɗa ke bin saƙar tufa, ta yadda tsokar za ta kumbura a tsawonta amma siffarta tana nan. Takan kama tsoka fiye da ɗaya, ta tsallake tantani zuwa wani ɓangaren, ta kewaye jijiyar jini ba tare da ta toshe ta ko ta kawar da ita ba, har a ga jijiyar tana wucewa ta tsakiyar ƙarin lafiya lau. Kitsen da ke ƙarƙashin fata yakan yi zane-zane, fatar ta yi kauri, launin ƙarin a hoton kuma yakan zama bai-ɗaya duk da girmansa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa hujja shi kaɗai, kumburin tsokar da ke faruwa idan garkuwar jiki ta juyo tana yaƙar jikin kansa ma yana iya yin kama da haka. Amfaninsu shi ne su sa likitan hoto ya rubuta kalmar limfoma a cikin rahotonsa, domin wannan kalma ɗaya ita ce za ta sauya yadda za a ɗebi naman da yadda za a adana shi.

Ɗibar naman ita ce zuciyar al'amarin, kuma a nan ne aka fi ɓata aiki. Akwai siririyar allura da ake zuƙo ƙwayoyi da ita a shafa a gilashi, mai sauri ce kuma mai araha, tana iya nuna cewa ƙwayoyin limfosait ne, amma ba ta nuna yadda suke jere da juna da yadda suke shiga nama, kuma abin da take kawowa ba ya isa gwaje-gwajen da ke biyo baya. Don haka ba a gina maganin limfoma a kanta ita kaɗai. Abin da ake so shi ne allura mai kauri da ke yanko siririn nama, a yi ta ƙarƙashin jagorancin sikanin don a kauce wa ruɓaɓɓen wuri da manyan jijiyoyi, a ɗauki yanka da yawa daga sassa dabam-dabam. Idan hakan bai wadatar ba, sai a yi ƙaramar tiyata a yanko ɗan gutsure. Tun da har lokacin ba a san ko sakoma ba ce, dole a zaɓi hanyar da allurar ko wuƙar za ta bi tare da shawarar likitan da zai yi babbar tiyatar idan ta kama, a tsaga a tsaye bisa tsawon gaɓar, ta cikin ɓangaren tsoka guda, domin a iya yanke wannan hanyar tare da ƙarin daga baya. Mafi munin abin da ake yi shi ne a buɗe a ƙwaƙule ƙarin duka kafin a san sunansa: in sakoma ce an watsa ta a cikin miki, in limfoma ce an nakasa tsoka a banza kuma an jinkirta magani har mikin ya warke.

Maganar da ta yaɗu a cikin jama'a cewa daji ba ya son ƙarfe, wato taɓa shi da allura ko wuƙa yana tayar da shi, tana hana mutane da dama yarda da wannan mataki. Ana iya fahimtar inda ta samo asali, domin waɗanda aka ɗebi namansu sukan kasance waɗanda ciwon ya riga ya yi nisa, sai a danganta taɓarɓarewar da allurar. Game da limfoma dai, ƙwayoyinta tun asali masu yawo ne a jini, allurar gwaji ba ta buɗe musu wata ƙofar da ba su da ita.

Akwai wani maganin da yake iya ɓatar da sawun ciwon gaba ɗaya, kuma yana hannun kowa. Magungunan sitiroyid, irin su deksametason da firedinisolon, suna kashe limfosait cikin kwanaki kaɗan, shi ya sa ma suke cikin haɗin maganin limfoma. Mai kemis yakan ba da su don ciwon gaɓoɓi da kumburi, suna cikin haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda, kuma deksametason na cikin abin da ake sha don ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe. Mutum zai sha, kumburin ya saɓe, ya yi murna, bayan mako uku ya dawo fiye da da. Idan aka ɗebi nama a wannan tsakanin, abin da likitan binciken nama zai gani matattun ƙwayoyi ne da ragowar kumburi, sai ya rubuta cewa bai ga ciwon daji ba. Saboda haka tambayar ko an sha irin waɗannan ƙwayoyi tana cikin tambayoyin farko, kuma ba a ba da sitiroyid kafin ɗibar nama sai idan rai ko laka ko numfashi na cikin haɗari.

Shi kansa naman yana da haƙƙi. Ƙwayoyin limfoma ba su da ƙwari ko kaɗan, matsi kaɗan da hantsaki ya isa ya murƙushe su su koma shuɗin zare-zare da ba a iya karantawa. Ana so a jefa naman nan take cikin fomalin, wato ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100, ruwan kuma ya ninka naman aƙalla sau goma. Gutsuren da aka cusa a ƙaramar kwalbar allura da ɗan ruwa a gindi, aka ba ɗan'uwan mara lafiya ya hau mota da shi daga wani gari zuwa Kano ko Zariya cikin zafin bazara, yakan iso tsakiyarsa ta lalace, rini kuma ba ya kama lalataccen nama yadda ya kamata. A ɗaya gefen, akwai gwaje-gwajen da fomalin ke kashewa: na'urar da ke tantance ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwa ɗanyen nama take so, haka ma shukar ƙwayoyin cuta da neman tarin fuka. Don haka ana raba naman tun a ɗakin tiyata, wani a fomalin, wani a ruwan gishiri, kuma wannan ba zai yiwu ba sai an yi tunanin limfoma kafin a soka allurar.

A ɗakin gwaji ana daskarar da naman a cikin kaki, a yanka shi siriri ƙwarai, kimanin maikuron 3 zuwa 4 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya), a rina shi da rini biyu, ɗaya mai mayar da cibiyar ƙwaya shuɗiya, ɗaya mai mayar da sauran jikinta ruwan hoda. A ƙarƙashin madubin likita, limfoma takan bayyana a matsayin ƙwayoyi masu yawa da ba su manne da juna ba, sun cika tsakanin zaren tsoka sun wawware su, zaren kuma suna nan a tsakiya ba a cinye su duka ba. Matsalar ita ce ciwuka da dama suna da wannan kama ta ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa masu zagaye: sakomar Ewing mai yawan kama ƙashin yara da matasa, da sakomar tsokar yara, da wani ciwon dajin huhu da ya bazu, da ciwon Merkel na fata, da melanoma, wadda ita ma galibi daga fata take tasowa. Bugu da ƙari, naman mai taushi yakan mayar da martani da tabo mai tauri, wanda ke matse ƙwayoyin limfoma su yi tsawo su yi kama da sakoma, ko ya rarraba su gungu-gungu su yi kama da ciwon dajin da ya taso daga wata gaɓa. Ido kaɗai ba ya raba wannan gardama, ko na gwani ne.

Abin da ke raba ta shi ne rini na musamman da ke neman tamburan da ke jikin kowace ƙwaya. Wannan fasaha ta ginu ne a kan aikin Köhler da Milstein a Kambirij a 1975, waɗanda suka gano yadda za a ƙera sinadarin garkuwa mai kama abu guda tak, kuma daga taron Paris na 1982 aka fara ba tamburan lambobin CD. Zagayen farko gajere ne: CD45 don fararen ƙwayoyin jini, saitokeratin don ciwon dajin da ya fito daga fata ko gaɓoɓin ciki, S100 don melanoma, desmin da mayojenin don sakomar tsoka. Idan CD45 ya kama, sai a tambayi CD20 da CD3 don a san ko B ce ko T. Mafi yawan limfomar naman mai taushi takan fito mai manyan ƙwayoyin B da ke bazuwa, wadda likitoci ke taƙaitawa da DLBCL. Daga nan sai a ƙara CD10 da BCL6 da MUM1, bisa tsarin da Hans da abokansa suka fitar a 2004, don a san daga wane mataki na rayuwar ƙwayar B ta fito, a auna Ki-67 don a ga kashi nawa na ƙwayoyin ke rabuwa, sannan a nemi sauyin ƙwayoyin gado na MYC da BCL2, domin wadda ta haɗa sauyin biyu ta fi tsanani kuma maganin da aka saba ba ya riƙe ta sosai.

Da a ce kowace limfoma tana ɗauke da CD45 da aikin ya yi sauƙi, amma waɗanda suka fi son ɓuya su ne suka fi rasa shi. Limfomar ƙwayoyin da ba su gama girma ba, wadda ke kama yara da matasa, sau da yawa ba ta nuna CD45 ko CD20, kuma tana kama CD99, tambarin da aka daɗe ana danganta shi da sakomar Ewing. Yaron da ke da ƙari a cinya, ƙwayoyinsa shuɗɗa ƙanana, CD99 ya kama, CD45 bai kama ba, kowa zai ce Ewing ce, alhali rinin TdT guda ɗaya zai nuna gaskiya, kuma Ewing ta gaske tana da musayar ƙwayoyin gado tsakanin kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, na 11 da na 22. Limfomar anafilastik mai manyan ƙwayoyi ita ma takan rasa CD45 da CD3, ƙwayoyinta su yi girma su yi muni ko su yi tsawo, har ta kama wani tambarin da aka saba gani a ciwon dajin gaɓoɓin ciki. CD30 ne ke tona ta, tare da wani tambarin da ake kira ALK. Sai dai ALK ɗin ma yana fitowa a wani ƙarin nama mai taushi da ba limfoma ba, don haka ba a karanta shi shi kaɗai. Akwai kuma limfomar filasmabilastik, wadda aka bayyana a 1997 a bakin masu ɗauke da ƙanjamau, ba ta da CD20, sai an nemi CD138 da MUM1 da sawun ƙwayar cutar EBV. A ɗaya ɓangaren, ƙarin da ƙwayoyin sankarar ɓargo ke tarawa a nama yana kama CD45 ya yi kama da limfoma, sai rinin MPO ya bambance su, ciwon Merkel kuma yakan kama PAX5 da TdT. Darasin aiki a nan shi ne rini ɗaya da bai kama ba ba ya kore limfoma, kuma inda kuɗi suka sa aka taƙaita ga rini biyu ko uku, nan ne kuskure ya fi aukuwa.

Wani lokaci kuma tambayar ba tsakanin ciwon daji biyu take ba, tsakanin ciwon daji ne da tarin limfosait na kumburi kawai, musamman idan ƙwayoyin ƙanana ne masu kama da lafiyayyu. Wasu ƙari na nama mai taushi, har da wani nau'in sakomar kitse, suna tara limfosait masu yawa a gefensu, ta yadda allurar da ta tsaya a gefen za ta kawo limfosait zalla. A nan ana duba ko ƙwayoyin duk 'ya'yan ƙwaya ɗaya ne, ta hanyar auna kafa da lamda, wasu tambura biyu na ƙwayoyin B, waɗanda a lafiyayyen nama suke gauraye amma a limfomar B ɗaya ke rinjaye, ko ta gwajin ƙwayoyin gado da ake kira PCR.

Limfomar Burkitt ta cancanci a ambace ta saboda tamu ce ta wannan yanki. Denis Burkitt ya bayyana ta a 1958 a kan yaran Yuganda masu kumburin muƙamuƙi, daga ƙwayoyinta aka gano EBV a 1964, kuma tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Muƙamuƙi da ciki da kewayen ido ta fi kamawa, amma takan mamaye naman da ke kusa. Kusan dukkan ƙwayoyinta suna rabuwa a lokaci guda, Ki-67 yana kusan 100 cikin 100, kuma tana iya ninka girmanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Sakamakon da zai ɗauki mako uku kafin ya fito bai dace da irin wannan ciwo ba, dole a ɗaga waya a gaya wa ɗakin gwaji abin da ake zargi.

Bayan an san suna sai a auna nisa. Tsarin Ann Arbor na 1971, wanda aka sabunta a tarukan Lugano ta Suwizalan aka kuma wallafa a 2014, shi ake bi: wuri ɗaya a wajen kaluluwa ba tare da komai ba mataki na IE ne, idan da kaluluwar da ke kusa IIE ne, idan ya bazu zuwa gaɓoɓi masu nisa ko ɓargo mataki na IV ne. Hoton PET-CT, wanda ke nuna inda ƙwayoyi ke zuƙar sukari da yawa, shi ne mafi inganci ga nau'o'in masu saurin girma, kuma yakan gano wuraren da ba a zata ba. Inda babu shi, kuma a yankinmu wuraren da ke da shi ƙalilan ne, ana yin CT na wuya da ƙirji da ciki da ƙugu, a haɗa da ɗibar ɓargo daga ƙashin ƙugu. Ana kuma lissafa ma'aunin 1993 na hasashen yadda ciwon zai kasance, mai duba shekaru sama da 60, da hawan LDH, da ƙarfin jikin mara lafiya, da mataki na III ko IV, da kama wuri fiye da ɗaya a wajen kaluluwa. Gwajin ƙanjamau wajibi ne. Haka ma gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Yammacin Afirka, domin maganin limfoma yana iya tayar da shi daga barci ya lalata hanta, alhali ana iya kare hakan da tenofobir ko entekabir. Ana duba zuciya saboda doksorubisin, ɗaya daga cikin magungunan limfoma, yana iya raunana ta, a kuma auna ƙoda da sinadarin yurik saboda ƙarin da ya narke da sauri yana iya toshe ƙoda.

Duk wannan wahala tana da lada a zahiri. Haɗin magunguna huɗu da ake kira CHOP, da aka ƙara masa rituksimab bayan amincewa da shi a Amurka a 1997 da gwajin Faransa da aka wallafa a 2002, ana ba da shi duk kwana 21, galibi sau shida, kuma yana warkar da kimanin shida cikin goma na masu DLBCL. Ƙarin da ya cika cinya yana iya narkewa bayan zagaye biyu ba tare da an yanke ko zaren tsoka ɗaya ba. Rituksimab kuwa CD20 yake kamawa, don haka ba shi da amfani ga limfomar da ba ta da wannan tambari, kuma magani ne mai tsadar gaske. Iyalin da suka ga kuɗin rini na musamman ya yi musu yawa suka ce a wuce shi a fara magani, suna iya kashe ninkin-ba-ninkinsa a kan abin da ba zai yi aiki ba.

Idan sakamakon farko ya fito da cewa kumburi ne kawai ko naman bai isa ba, alhali ƙarin yana ci gaba da girma kuma hoton yana nuna abin da aka bayyana a sama, ba a tsayawa a nan, ana sake ɗibar nama, mafi girma, daga wani sashen, bayan an tabbatar an daina shan sitiroyid. Dunƙulen kakin da aka daskarar da naman a ciki, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira bulok, yana yin shekaru bai lalace ba, kuma ana iya neman a ba da shi tare da gilasan da aka rina a kai wa wani likitan binciken nama a asibitin koyarwa mai rinin da ake buƙata, a sake yanka shi a yi CD30 ko TdT ko MPO ɗin da ba a yi da farko ba, ba tare da an sake taɓa jikin mara lafiyar ba.